Fitilar Gaban Direba Ba Ado Ba Ce

Kwanan baya, a tsakiyar bazara, wani malamin makaranta abokin aikinmu ya taso daga Daura da hantsi za shi Kano cikin motarsa, irin wadda a ke kira haibirid, watau mai tafiya da fetur da lantarki tare. Shekara huɗu ya yi yana adashi da tsimi kafin ya saye ta. Bai kai Kazaure ba sai ga wata jar fitila mai kusurwa uku ta kama a gabansa. Ya ratse gefe, ya nemi bakanike. Bakanike ya duba baƙin mai, ya duba ruwan lagireto, ya ga kome lafiya, sai ya cire kan ƙaramin batir, ya dakata kaɗan, ya mayar. Fitila ta mutu. Ya ce, "Malam, ai ba kome, haka nan su ke yi, kwamfuta ce ta rikice." Malam ya biya, ya yi godiya, ya kama hanya. Bayan mako uku motar ta tsaya cik a hanyar Mai'aduwa, sai ɗaukar ta aka yi a bayan wata mota zuwa Kano. Da aka buɗe, sai aka tarar fankar da ke sanyaya babban batir ta toshe da ƙura, batirin ya daɗe yana dahuwa a hankali. Abin da buroshi da rabin sa'a za su gyara ya ci albashin wata da watanni.

Ba mun kawo labarin nan don mu yi wa malam dariya ba ne, ko don mu tozarta bakanike. Abin da bakaniken ya yi shi ne abin da ubangidansa ya koya masa, kuma da a kan Peugeot 504 aka kira shi, da ya gane ciwonta tun daga jin kukan inji. Malam kuwa ya shekara ashirin yana koya wa 'ya'yan mutane karatu, amma motarsa ta rubuto masa wasiƙa da jar tawada ya kasa karantawa. Wannan shi ne abin da ya dame mu, mu da aka ɗora wa nauyin sha'anin ilmi da horad da malamai. Muna ganin wani sabon jahilci ne ya shigo mana ta ƙofar gareji, kuma in ba a tashi tsaye ba zai cinye gumin ƙananan ma'aikata, ya kassara sana'ar kanikawan garinmu, watakila ma ya ci rayuka.

Kowa ya san abin da ya jawo motocin nan. Ran 29 ga watan Mayu 2023, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya faɗa cikin jawabinsa na kama aiki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200, cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a nan Arewa, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Akawu ko malami mai zuwa aiki kullum daga Daura zuwa Zango ko Baure ya ga albashinsa yana zurarewa a gidan mai. Waɗansu suka jingine motocinsu suka koma babur. Waɗansu kuwa suka ji labarin wata mota wadda lasar mai ta ke yi, ba sha ba. Ba kuwa ƙarya aka yi musu ba, gama Toyota Prius mai lafiya ta kan yi kimanin kilomita 20 da lita guda. A Japan aka fara sayad da ita a 1997, kamfanin Honda ya biyo da tasa mai suna Insight a 1999, daga baya aka yi Camry da Highlander da Lexus masu irin wannan ƙira. Amma ba sababbi ke iso mana ba. Sai sun shekara goma ko fiye a Amurka ko Turai sa'an nan a lodo su a jirgin ruwa zuwa Ikko. A da ma ta Kwatano da yawa su kan biyo, su ratso Nijar, kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga 1 ga Janairu 2017. Watau dai abin da ke zuwa hannun malami tsohuwar mota ce, wadda batirinta ya riga ya ci mafi yawan kwanakinsa a wata ƙasa.

Ya kamata mu ɗan bayyana yadda cikinta ya ke, domin wanda bai san gida ba ba zai gane abin da mai gadi ke faɗi ba. A cikin haibirid akwai injin fetur kamar na kowace mota, akwai kuma injunan lantarki, guda biyu a irin ta Toyota, masu kama masa. In mota za ta tashi daga tsaye, ko tana rarrafe cikin cunkoson ranar kasuwa, lantarki ke jan ta. In ta miƙe hanya, injin fetur ya karɓa. In direba ya taka birki, ƙarfin gudun da a wata mota zai tashi a banza, a nan sai a mai da shi wuta a zuba cikin batir. Batir ɗin biyu ne. Akwai ƙarami mai bolt 12, wanda aikinsa ta da kwamfuta da fitilu, akwai kuma babba a bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta. A Prius ta 2004 zuwa 2009, babban batirin nan dami ne na ƙananan batura 28, kowane bolt 7.2, jimla bolt 201.6, kuma akwai wata na'ura kusa da inji, inbata, mai iya ɗaga wannan ƙarfi har bolt 500. Ku tuna fa wutar da ke cikin gidajenmu bolt 230 ce. Motar ba ta da kik irin wanda muka saba, saboda haka turi ba ya ta da ita, ko da samarin unguwa duk sun taru.

Duk wannan kai da kawowa ba direba ke sarrafa shi ba, kwamfuta ce. Ita kuwa kwamfuta makauniya ce, kurma, ba ta san kome ba sai abin da 'yan rahoto suka kawo mata. 'Yan rahoton nan su a ke kira sensa. Tsofaffin akawunan da suka ga zamanin haraji da jangali za su fi kowa saurin ganewa. Mai unguwa ya ƙirga mutanensa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika birni, in kuwa mai unguwa guda ya kawo ƙidayar banza, lissafin gunduma duka ya ɓaci. Haka abin ya ke a mota. Akwai sensa mai auna iskar da ke shiga inji, akwai mai sunsunar hayaƙi a salansa, akwai mai auna zafin ruwa, kowace ƙafa tana da mai ƙirga juyawarta, cikin babban batir kuma akwai masu auna zafi da masu auna ƙarfin batura biyu-biyu. In ɗayansu ya kawo labarin da ya saɓa wa ƙa'ida, sai kwamfuta ta rubuta lamba cikin littafinta, sa'an nan ta aiko jakada wurin direba. Jakadan nan shi ne fitila.

Launin rigarsa ma magana ce. Kore ko shuɗi sanarwa ce kawai, wani abu yana aiki. Rawaya tana cewa akwai damuwa, a kai asibiti cikin kwanakin nan. Ja kuwa tana cewa a tsaya yanzu, a kashe. Fitilar nan mai siffar inji, wadda direbobi ke kira cek, in ta kama ta tsaya da sauƙi, in kuwa tana ƙiftawa, to, inji ne ke kasa ƙone mansa, kuma kowane kilomita da aka ƙara ɓarna ce a ke ƙarawa. Yana da kyau mai Prius ya sani motarsa ba ta da allurar nuna zafin ruwa da zai riƙa leƙawa. Fitila kaɗai gare shi, in ta kama ja an riga an kai gargara.

Lambar da kwamfuta ta rubuta ba asiri ba ce. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta kowace ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, wadda a ke kira OBD-II, Turai kuma ta bi sawu da motocin fetur a 2001. In aka soka na'urar karatu a wannan kafa sai lambar ta fito. P0171 tana cewa iska ta fi mai yawa cikin abin da inji ke ƙonewa. P0420 tana cewa matatar hayaƙi ba ta aiki sosai. P0A93 tana cewa sanyaya inbata ya gaza. P0A80 kuwa ita ce wadda masu haibirid ke jin tsoro, gama tana nuna baturan da ke cikin dami sun daina tafiya kafaɗa da kafaɗa. Tare da lambar, kwamfuta ta kan ajiye bayanin halin da motar ke ciki sa'ad da abin ya faru, gudunta da zafinta da sauransu. To, shi bakaniken da ya cire kan batir me ya yi? Ya yi abin da akawun kotu zai yi in aka kawo masa takardar ƙara ya yage ta ya ce an yi sulhu. Ciwo yana nan, shaida ce ta ɓata, wanda zai duba a gaba kuma sai ya fara lalube cikin duhu.

A ƙasar Daura abokan gaban motocin nan uku ne manya, ƙura da zafi da gurɓataccen mai, amma ƙura ta fi su ɓarna don ba a ganin shigarta. Babban batir da iska a ke sanyaya shi, iskar kuwa daga cikin mota wata fanka ke zuƙo ta, ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya ko a bayanta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ta nan kullum, ya haɗu da zare da gashi ya zama kamar auduga a jikin fankar. Bayan wannan ga halinmu na loda mota. A sa mutum huɗu a baya, babbar rigar ɗaya ta rufe tagar, ko a tura buhun gero a jikinta, ko mai ɗinkin rigar kujera ya lulluɓe ta ɗungum don bai san amfaninta ba. Sai bazara ta zo, a watan Afrilu da Mayu, zafi ya wuce awo 40 a inuwa, ga shi maigida ya kashe na'urar sanyaya mota wai yana tsimin mai, alhali kuwa iskar da ya ke shaƙa ita batirinsa ke shaƙa. Ran da fitila ta kama a ce motar ce ba ta da ƙwari.

Ita ma sensar iska ƙura ce ajalinta. Wata siririyar waya ce mai zafi a bayan matatar iska, in ta yi datti sai ta riƙa faɗin ƙarya, inji ya riƙa shan mai ko ya rasa ƙarfi. Sau da yawa wanke ta kawai ta ke so da ruwan maganin da aka yi dominta, ba da fetur ko tsumma ba, a kuma sake matatar iska maimakon a kaɗe ta a jikin taya a mayar. Game da mai kuwa, mutanen bakin iyaka ba su manta da watan Nuwamba na 2019 ba, sa'ad da Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, jama'a da yawa suka koma wa 'yan bumburutu da jarkokinsu. Man jarka kuwa ba a raba shi da ƙasa da ruwa. Ko na gidan mai ma ba kullum ya ke tsira ba, gama a watan Fabrairu na 2022 an shigo ƙasar nan da fetur mai yawan sinadarin metanol har sai da aka janye shi daga kasuwa. Tsohon inji mai kafireto ya kan haɗiye irin wannan ya yi tari ya wuce. Na zamani kuwa sai ya kai ƙara.

Akwai wani abu da mu ke so kanikawa su riƙe. Haibirid tankin ruwa biyu gare ta, ɗaya na inji, ɗaya na inbata, kowane da hanyarsa. Na inbata wani ɗan famfon lantarki ke zagaya da shi, in ya mutu ba ƙara ba hayaƙi, sai dai mota ta yi tafiyar sa'a guda cikin rana jar fitila ta kama, in ta huce ta mutu. A 2010 kamfanin Toyota da kansa ya kira masu Prius ta 2004 zuwa 2007 su kawo a sake musu famfon nan. Gwajinsa ba wuya: a ta da mota, a leƙa cikin tankin inbata, in ruwan yana motsi famfo yana da rai, in ya kwanta lumui ya mutu. Haka kuma ƙaramin batir in ya tsufa ya kan sa fitilu su kama rututu kamar daren salla, har a gaya wa mutum babban batirinsa ya mutu, alhali na bolt 12 ne ke neman canji. Mun san wanda ya kusa sayad da motarsa a wulakance saboda wannan.

Wancan duk rashin sani ne, kuma rashin sani yana da magani. Abin da ya fi muni shi ne ha'inci. Waɗansu dillalai su kan buɗe allon gaban direba su kashe ƙwan fitilar cek, ko su liƙe shi da baƙin salatif, don mai saye ya ga allo fes. Waɗansu tun a tashar jirgin ruwa su ke yanke matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira Indomie don cikinta ya yi kama da taliyar nan, su sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke jikinta, su yi waldar bututu a gurbinta. Sa'an nan ga wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, wadda masu yin ta da kyakkyawar niyya su ke yi: da mota ta iso sai a cire mata tamostat, watau ɗan makullin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a kuma haɗa fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. A haibirid wannan asara ce tsantsa. Kwamfuta ba ta yarda ta kashe injin fetur yadda ya kamata sai sensa ta gaya mata ya yi ɗumi, in kuwa bai yi ba sai ta bar shi yana ta aiki yana shan mai. Mutum ya biya kuɗin haibirid, ya koma yana sayen man wata motar.

Yanzu sai batun rai, wanda ya fi dukiya. Duk wayar da aka ga an yi mata riga mai ruwan goro a cikin motar nan, babbar wuta ce a ciki. Ka'idar masu ƙera ta ita ce, kafin a taɓa sai a kashe mota, a sa safar hannu ta roba wadda aka gwada ta jure bolt 1,000, a zare wani makulli da ke jikin babban batir, a jira minti goma wutar da ta taru a inbata ta sauka, sa'an nan a auna a tabbata. Mu tambayi kanmu, gareji nawa ne tsakanin Daura da Kwangwalam ke da safar nan? Su wa kuma a ke turawa ƙarƙashin mota da sufana? Yara ne 'yan koyo, waɗansunsu ɗalibanmu ne da suka bar aji. Ga wani tarkon kuma: in kalmar READY tana haske a allo, motar a kunne ta ke ko da ba a jin motsin kome, kuma inji yana iya tashi da kansa a kowane lokaci, ko hannun yaro yana ciki, ko an riga an zubar da baƙin mai za a yi juye. Mai gyaran na'urar sanyi shi ma yana da nasa. Kwamfuresar haibirid da babbar wuta ta ke aiki, man da a ke zuba mata na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa, in aka zuba na sauran motoci sai wuta ta fara zurarewa, jar fitila ta kama, wani lokaci motar ta ƙi tashi sam. In kuma fitilun birki suka kama tare da ƙara mai tsawo, wannan ba abin a lallaɓa a kai gida ba ne. Jan ta da igiya ƙafafun gaba suna ƙasa ma ɓarna ne, sai dai a ɗauke ta.

Kada kuwa a ɗauka duk wanda ya riƙe na'urar karatu ya zama likita. An fara samun samari masu yawo da ita, su soka, su karɓi kuɗi, su karanto lamba, su ce a sake sensa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Lamba ba hukunci ba ce, ƙara ce aka shigar, sai an yi bincike. In P0171 ta fito, yana yiwuwa sensar lafiyarta lau, gaskiya ta faɗa, wani tiyo ne ya tsage iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Yana yiwuwa ɓera ne ya ci waya, abin da ya kan faru ga motar da ke kwana kusa da rumbu. Ko P0A80 ɗin ma, wani lokaci tsatsa ce kore ta kama 'yan ƙarafan jan gaci da ke haɗa baturan. Wanda ya sake sensa mai gaskiya ya kori mai unguwa ne don ya kawo labarin fari. In kuwa canjin ya zama dole, mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ya sani a kowace babbar kasuwar kayan mota akwai sabo na asali, akwai na Beljiyam, akwai jabu, kuma jabun sensa ta fi matacciya sharri, gama matacciya shiru ta ke yi, jabu kuwa ƙarya ta ke yi. Haka nan masu cire batir guda daga cikin 28 su cusa wani tsoho su ce an gyara. Ya kan yi 'yan watanni, amma jaki da doki ba su jan amalanke guda.

Mun ji dattawa suna cewa maganin abin shi ne a rabu da motocin nan, a koma wa abin da muka sani. Muna girmama wannan magana, kuma akwai gaskiya a cikinta. Mu da kanmu, in malamin da aka tura ƙauye mai nisa ya shawarce mu, za mu ce masa ya dakata tukuna, domin motar da gyaranta sai an kai Kano ba ta ƙaramin ma'aikaci ba ce. Amma komawa baya ba ta yiwuwa. Peugeot ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 ta yi zamaninta ta gama. Motar da ba haibirid ba ma, in dai ta wannan ƙarni ce, cike ta ke da sensa da kwamfuta, ga kuma babura da kekuna masu batir sun fara shigowa. Bakaniken da ya ce shi ba ruwansa da waya, nan gaba kaɗan sai dai ya zauna yana kallon aiki yana wuce shi a bayan motar ɗaukar kaya, kuɗin Daura yana tafiya wani gari.

Laifin kuwa in za a raba, mu ma'aikatan ilmi mu ke da babban kaso. Mun shekara muna sa ɗaliban kwalejin horon malamai su haddace dokokin lantarki don cin jarrabawa, da yawansu har su fita ba su taɓa riƙe ma'aunin wuta da hannunsu ba, su kuma su je su koyar kamar yadda aka koya musu. Mun raba yara gida biyu, mai ƙoƙari ya tafi ofis, wanda ya kasa a tura shi gareji, ga shi yau gareji ya fi ofis bukatar mai karatu da lissafi. A zamanin En'e, kafin a rushe ta a 1976 a kafa ƙananan hukumomi, sashen ayyuka ya kan horad da kafintoci da magina da kanikawa a kan aiki. A farkon shekarun 1950 kuma, da aka ga manya ba za su koma aji ɗaya ba, ba a zauna ana kuka ba. Aka ta da Yaƙi da Jahilci, su Malam Ahmadu Kumasi suka ja gaba, aka buɗe azuzuwan yamma a zaure da gindin bishiya, aka buga ƙananan littattafai masu araha a Zariya cikin harshen da mutane ke ji. Irin wannan mu ke nema yanzu, ba wani sabon abu ba.

Daura kuwa ta fi garuruwa da yawa abin yin aikin. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda aka aza harsashinta a watan Disamba na 2019, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duka an same su a zamanin mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari. Muna roƙon shugabanninsu su buɗe ajin yamma na wata uku domin kanikawa da masu wayarin da ke kan sana'a, da Hausa, ba tare da an tambayi kowa takardar sakandare ba, a kan mota ta gaske wadda za a kwance a ɗaura. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin bai wa masu sana'ar hannu takardar shaida bisa gwajin abin da suka iya, sai a bi ta nan, don mai mota ya san garejin da zai shiga da kwanciyar rai. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure, in kowace ta sayi na'urar karatu ta kirki guda da safar hannu da ma'aunin wuta ta danƙa wa ƙungiyar kanikawan yankinta, kuɗin ba zai kai na walimar buɗe ofis ba. Mun kuma tabbata in Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya sa baki, iyayen gidan gareji za su saki yaransu sa'a biyu da yamma. Malaman firamare da sakandare kuwa ba sai sun jira kowa ba. Darasi guda a kan ma'anar ja da rawaya da kore, da haɗarin waya mai ruwan goro, zai isa gidaje da yawa kafin magariba.

Ga akawu ko malami mai shirin saye, ga abin da za ka yi kafin ka ƙirga kuɗi. Kada ka taka birki, danna maɓallin kunnawa sau biyu, ka dubi allo. Ya kamata fitilun gargaɗi su kama, har da cek. In ba ka ga cek ba sam, an kashe ƙwanta ne, ka yi sallama. In ta kama, taka birki ka ta da motar, ka ga ko ta mutu. Sa a leƙa ƙarƙashi a ga ko matatar hayaƙi tana nan. Je da mai na'urar karatu naka, ba na dillali ba, ya duba maka ƙarfin baturan biyu-biyu ko sun yi kusa da juna, ya kuma duba ko kwanan nan aka goge littafin kwamfuta, gama na'urar tana nuna wannan. Sa'an nan ka yi tafiyar rabin sa'a da rana tsaka, kana saurare ko fankar baya tana ihu. In ka saya, a wanke fankar nan duk ƙarshen hunturu, kada ka bar tanki ya ƙafe, kada kuma ka jingine ta wata da watanni ba a ta da ita ba, ko da ka tafi aikin Hajji ne, ka bar wa wani makulli.

Mu a namu ɓangare mun fara tsara ɗan littafi na Hausa, da boko da ajami, tun da kanikawa da yawa almajirai ne da suka fi sakewa da ajami, mai hoton kowace fitila da ma'anarta da lambobin da suka fi fitowa. Inda muka tsaya shi ne sunaye. Ba mu so mu ƙaga kalmomi a ofis waɗanda ba mai faɗinsu a gareji. Saboda haka muna roƙon shugabannin kanikawa da masu wayarin na Daura da Katsina da Kano, har da 'yan'uwanmu na Damagaram da Maraɗi, su rubuto ta hannun Edita su gaya mana abin da su ke kiran kowace sensa da kowace fitila a wurin aikinsu. Wanda bai iya rubutu ba ya sami malamin makarantar unguwarsu ya rubuta masa.